Kawu, Wanda Ya Fitar da Mu Daga Fili Muna Gaba da Ci Ɗaya

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, babu wanda zai yi saura. Kawuna, ƙanen Innarmu, ya riga mu. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a ɗakinsa, bayan doguwar jinya ta tsufa da ciwon ƙafa, aka yi masa sutura kafin la'asar.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abu ya zama ba haka aka yi ba, a tambaye ni gobe ƙiyama. Abin da na ji da kunnena a zaman makoki shi ya hana ni sukuni, shi ya sa na nemi takarda.

Ranar sadakar uku mutane sun zo daga Yelwa, daga Warra, har daga Shanga. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Hannuwa ba su gama sauka daga fuska ba, wani tsohon tela na Yelwa ya karkato ya ce, "Wai wanga mamaci, ba shi ne wanda ya kwashe 'yan wasansa ya gudu don tsoron hadari ba?"

Wanda ya amsa masa ɗan baffana ne, wanda ya fi kowa iya ƙwallo a zamaninmu. Ya gyara zama ya ce, "Shi ne, Allah ya jiƙansa. Hadarin nan kuwa har yau muna jiran saukarsa."

Aka yi dariya, irin wadda ake tura wa cikin hannun riga. Wani matashin malamin makaranta ya ce, "Ashe ya taɓa zama koci? Ni na ji bai taɓa taka ƙwallo da ƙafarsa ba." Wani ya ce, "Aikin koci ai ihu ne, kowa ya iya." Jikokin Kawu suna zaune a gefen tabarma suna ji. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai yana tsintar ƙasa.

Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ƙofar gidansa ba wurin cacar baki ba ce. Amma mutum ya yi shekara casa'in ko kusa da haka a duniya, a tattara shi duka a zuba cikin abin dariya ɗaya, a gaban jikokinsa? Ni ne mai tsaron ragarsa. Daga inda nake tsayawa ina ganin fili duka, ina kuma ganin sa. Zan faɗi abin da na gani, inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Gaskiya ne bai taɓa buga ƙwallo ba. Kurkunu ya ci masa ƙafar hagu tun yana yaro, ya bar shi da ɗingishi. Mu mutanen gungu ne, tsibirin da ke tsakiyar Kwara kafin ruwan Kainji ya shanye shi. Albasa muke nomawa, kifi muke kamawa. Aikin Kawu riƙon bayan jirgi: shi ke zama a ƙarshe ya ba jirgi hanya in an yi lodin albasa zuwa Jebba ko Lakwaja. A can ya ga ƙwallo. Yayin da abokan tafiyarsa ke yawon kasuwa, shi yana tsugune a bakin fili yana kallo. Shekarar da aka samu 'yancin kai, makarantarmu ta samu ƙwallo guda ta fata. Malaminmu bai san yadda ake yi da ita ba, sai ya jefa mana mu bi ta kamar kaji sun ga tsaba. Kawu ya tsaya yana kallon mu kwana biyu, a na uku ya ce da malam, "Ba ni su in gani." Tun daga nan duk yaran suka bi bakina suna kiran sa Kawu, har waɗanda ba su haɗa komai da shi ba.

Wanda ya ce aikinsa ihu ne bai taɓa ganin sa a bakin fili ba. Ba ya zama. Ba ya cin komai ranar wasa sai asawaki a baki. Yana bin layi da ɗingishinsa, sama da ƙasa, kuma ba ya kallon ƙwallo. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki har na tambaye shi. Ya ce, "Ƙwallo tana da masu kallon ta, gari guda. Ni ina kallon wanda ba ta wurinsa." In ya ga ɗan bayanmu na dama ya fara dafa ƙugu, ya san ya gaji tun shi bai sani ba, sai ya kira sunan na kusa da shi sau ɗaya, ya nuna da haɓa. A lokacin ba a canza ɗan wasa in an fara. Waɗanda ka shiga da su, da su za ka fita, ko da gurgu a ciki. Don haka dabararsa duka a sauya wa mutane wuri take: ya mai da na gaba baya, ya ɓoye mai rauni a gefen da ba a zuwa, ya sa mai gudu ya tsaya kusa da wanda ya lura yana tsoron karo.

Kuma ba ya taka layi. Ko an karya ɗan wasansa, ko alƙali ya yi mana zalunci a fili, yatsan ƙafarsa ba ya ƙetare farar tokar nan. Yakan ce, "Nan gaɓa ce, can ruwa. Na gaɓa shi ke ganin inda jirgi ya karkata. In na faɗa ruwan, wa zai gaya muku?"

In an tafi hutun rabi, ba ya zagi. Yakan miƙa mana tulun ruwan tsamiya, ya bari numfashi ya dawo, sannan ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambaya, "Mi ka gani?" Sai kowa ya faɗa sannan shi ya yi magana, kuma maganarsa ga kowa ba ta wuce guda. A cikinmu akwai Musulmi, akwai yaro ɗaya Kirista, akwai Bakambare da ke bin addinin kakanninsa. Kafin a koma, Kawu yakan ce, "Kowa ya gaya wa wanda yake gaya wa," mu yi shiru kaɗan, mu shiga.

Rigimarsa da uban ƙungiyarmu ta samo asali daga nan. Uban ƙungiya wani Alhaji ne mai fataucin albasa, shi ya ɗinka mana riguna, kuma ba zan hana shi ladansa ba. Amma yana ganin tunda rigar tasa ce, bakin ma nasa ne. Wata rana muna wasa da 'yan Warra, Kawu ya ce 'yan baya su tsaya, Alhaji yana ta ɗaga malum-malum yana ihu, "Ku hau! Ku hau duka!" Rabi suka hau, rabi suka tsaya, aka bi ta tsakiya aka zura mana. Kawu ya tako har gabansa, ya cire asawaki, ya ce, "Alhaji, in mutum biyu suka riƙe bayan jirgi, ina yake zuwa?"

Alhaji ya ce, "Kai ka sani, matuƙi."

"Kan dutse yake zuwa. Ko ka karɓi wurin nan in je in zauna, ko ka zauna in tsaya."

"Da rigunana a jikinsu kake gaya mini haka?"

"In ka so su tuɓe maka yanzu. Babu riga muka fara."

Mutane suka yi dariya, Alhaji ya zauna. Ya zauna, amma bai manta ba.

Abin da ya yi mini ni kaina a Shanga ba zan bar shi ba. Ni mutum ne mai fargaba tun ina yaro. Daren wasa nakan yi ta tunanin duk hanyar da ƙwallo za ta bi ta wuce ni. A Shanga kuwa ta wuce ta hanyar da ban taɓa tunani ba: wata sanyayyar ƙwallo da ko akuya za ta tare, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta shige. 'Yan kallo suka taso bayan ragata. "Gola mai ƙofa biyu!" "A kawo masa zane!" Na san ta biyu na tafe. Sai na ji takun ɗingishi a bayana. Kawu ya bar wurinsa, ya zagayo, ya tsaya bayan raga tsakanina da masu zagi. Bai ce komai game da ƙwallon ba. Ya ce, "Ɗana, irin albasar nan da Innarka ta yafa, an ba shi ruwa da safe kuwa?"

Na ce, "Kawu, wasa ake yi."

"Na sani. An ba shi ko ba a ba shi ba?"

"Na ba shi."

"Guga nawa? Na bakin rijiya ma?"

Haka ya yi ta ja na da zancen albasa har aka tashi, yana jefa umarni ga 'yan gaba daga can nesa. Ban san lokacin da fargabar ta tafi ba. Ba a sake zura mini ba ranar. Wannan shi ne mutumin da aka ce ihu kawai ya iya.

Sai aka gama madatsar Kainji, ruwa ya taso. Aka kwashe mu daga gungu aka kai mu sabon gari a gaɓar yamma, cikin ɗakunan siminti masu zafi da ba mu saba ba. Ruwan da muka sani kogi ne. Yana da hanya, yana da duwatsun da muka san sunansu, yaro ma ya san inda zai bi. Wannan sabon ruwa ba kogi ba ne. Ya yi faɗi, a wasu wuraren ba ka hango ƙetare. Iska in ta taso sai ta tara igiyar ruwa irin wadda kakanninmu ba su taɓa gani ba. A ƙarƙashinsa kuma ga itatuwa tsaye yadda aka bar su, giginya da ɗorawa da kuka, kawunansu suna jiran cikin jirgi. Amma tsofaffinmu ba su yarda ba. A wurinsu Kwara ce ta yi ƙiba. Suna shiga da ƙananan kwale-kwalensu na da, suna bin hanyar da ke cikin kansu, wadda yanzu babu ita.

A bazarar farko bayan ruwa ya cika muka kai wasan ƙarshe na kofi, mu da ƙungiyar Yelwa, a filinsu. Ku gane abin da wannan yake nufi gare mu. An raba mu da gonakinmu, an raba mu da garinmu, mutanen birni suna kiran mu 'yan gudun ruwa. Kofin nan ne kaɗai abin da muke ganin za mu ɗauka mu ce ga mu nan, ba mu nutse ba.

Kawu yana da al'ada in za a yi tafiya. Yakan bi gida gida da yamma, ya tsuguna a zaure, ya ce da mai gida, "Na zo aron ɗanka." Sai ya faɗi lokacin da zai mayar. Wannan karon ya ce da kowa, "Kafin magariba." Mutanen tudu ba za su gane nauyin maganar nan ba. A wurinmu, in jirgi ya tashi aka ambaci lokacin dawowarsa, lokacin ya wuce bai dawo ba, ba a zama a yi ta addu'a kawai. Maza sukan ɗauki filafilin tuƙi su shiga ruwa nema, ko wane irin yanayi ake ciki. Ba a shawara, ba a jiran safiya. Uban da ya zauna a gaɓa ɗansa yana ruwa, ba zai sake ɗaga kai a gari ba. A kogi wannan al'ada ta ceci mutane da yawa. A sabon ruwan nan kuwa, da duhu, da iska, kabari ce.

Da babban jirgi ɗaya muka tafi, mu 'yan wasa mu ne matuƙa, Kawu a baya, Alhaji da 'yan rakiya kaɗan a tsakiya. An ce za a fara bayan azahar. Da an fara a lokacin, da ba ni da abin rubutawa yau. Amma akwai babban baƙon da za a jira, ba zan faɗi ko wane ne ba, ya riga mu gidan gaskiya. Muka zauna a rana har aka yi la'asar. Da ya zo kuma sai jawabi, wannan ya tashi, wancan ya tashi. Kawu ya je wurin alƙalin wasa ya ce, "Malam, a rage mana tsawon wasan, muna da ruwa a gabanmu." Alƙali ya tura shi wurin masu shirya gasa, suka ce wasan kofi ba a yi masa ƙwange. Wani cikinsu ya ce, "Ku da kuka tashi cikin ruwa kamar kwaɗi?"

Kawu ya miƙa hannu yamma, ya jera yatsu tsakanin rana da bakin ƙasa, yadda masunta ke auna sauran yini. 'Yan kallo suka ce asiri yake yi. Ya ga in ruwa ya kwanta lafiya, za mu gama mu isa da ƙyar. Ya ce mu shiga.

Mun yi wasa ranar, wallahi mun yi. Ɗan baffana ya yanke mutum biyu ya zura ƙwallo kafin hutu, filin ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Wannan ma gaskiya ce, ba zan rage masa ba. Amma da muka fito hutu, Kawu bai tambayi kowa "Mi ka gani?" ba. Ya ba mu baya yana kallon gabas. Hadari ya haɗo, baƙi ƙirin daga ƙasa, ga iska mai sanyi ta fara kaɗa tutocin rumfar manya.

Alhaji ya ce, "Kada ka damu, matuƙi. Mu ci kofi mu kwana nan, kowa masaukinsa a wuyana."

Kawu ya ce, "Wa zai gaya wa iyayensu?"

"A aika mutum."

An aika. Wannan shi ne abin da masu dariya ba su faɗa. Kawu ya tura yaron Alhaji da gudu zuwa bakin ruwa ya nemo mai jirgin da zai kai saƙo. Yaron ya dawo bayan an koma wasa, ya ce masu jiragen Yelwa duk sun ja jiragensu tudu, sun ce ko nawa za a ba su ba mai shiga, su ma sun ga gabas. Hanyar mota ba ta zuwa garinmu. Jirgin da zai iya ruwan nan namu ne, hannuwan da za su tuƙa shi kuma suna cikin fili suna bin ƙwallo.

Daga raga ina ganin sa. Ya miƙa hannu yamma. Ya juya gabas. Ya sake miƙa hannu. Asawakin ya faɗi daga bakinsa bai ɗauka ba. Ban san abin da ya rage na wasan daidai ba, ba ni da agogo, amma an ci fiye da rabin zagaye na biyu, kuma 'yan Yelwa sun gaji, ba su ko iso ni. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kawu ya ɗaga gurguwar ƙafar nan ya taka layi, ya shigo fili.

Alƙali ya busa usur. "Kai, malam, fita!"

Kawu bai dube shi ba. Ya ce, "Yarana, ku fito. Za mu gida."

Alƙali ya ce, "Ka san abin da kake yi? In kuka fita, kofi na Yelwa ne."

"Na sani, Malam."

Filin ya ɗauki ihu. "Gungawa sun ga ruwa sun tsorata!" "'Yan ruwa na gudun ruwa!" Alhaji ya shigo yana tuntuɓe da riga, yana cewa, "Ka haukace? Ka haukace ne? Saura ƙiris!"

Ɗan baffana ya zo ya tsaya gaban Kawu, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya ce, "Kawu, don girman Allah. Mun ci fa. Ka dubi can, mun ci!"

"Na gani, ɗana. Ƙwallo mai kyau ce."

"To mi ne ne? Yayyafi za mu guda?"

"Iska za ta tare mu a gaba, tafiyar za ta ninka. In ba mu tashi yanzu ba, ubanka zai shiga ruwa."

"Ba inda zan je."

Ya ɗauki ƙwallon ya kai tsakiyar fili ya zauna a kanta. Kawu ya dube shi, ya dubi rana. Ba shi da lokacin lallashi, ba shi da ƙarfin ja. Ya ce da Alhaji, "Ga shi nan a hannunka har gobe." Ya juya. Mu goma muka bi shi, ana jifan mu da ɓawon rake. Wasunmu suna kuka. Ni ma na yi.

Tafiyar nan ba wasa ba ce, duk wanda ya ce ruwa ya kwanta ranar ƙarya yake yi, ko kuma yana Yelwa yana cin tuwon Alhaji. Iska ta tare mu kamar yadda ya faɗa. Igiyar ruwa tana dukan gaban jirgi tana zubowa ciki, Bakambaren nan yana kwarfewa da ƙwarya ba tsayawa. Mun riga mun gaji da gudu, hannu ba ya ɗaguwa. Kawu yana baya yana ba mu kiɗan tuƙi da baki, yana kiran sunan wanda ya sassauta, sau ɗaya, yadda yake yi a fili. Wani wuri cikin jirgi ya gogi kan itace, muka ji ƙarar har cikin haƙora, ya karkatar da mu muka wuce.

Rana tana taɓa ƙasa muka hango gaɓarmu. Iyayenmu ba su ma jira magariba ba. Sun ga gabas tun da la'asar. Kwale-kwale sun riga sun sauka ruwa a jere, ƙanana, irin na kogi, waɗanda igiya ɗaya ta ishe su. Babana yana tsaye cikin nasa da fitilar ƙwai a ɗaure a gora. Uban Kiristan nan yana nan, uban Bakambaren yana nan. Mata suna tsaye a tudu. A kwale-kwalen farko kuwa, wanda ya riga ya bar gaɓa da tsawon gora biyu, Baffa ne, uban mai zura ƙwallo. Idanunsa sun riga sun tafi da ciwon nan na bakin kogi da ke makantar da mutanenmu, ba ya ganin komai sai haske da duhu. Yana zaune a gaba da filafili a hannu, wani tsoho ɗan'uwansa yana riƙe masa baya.

Muka sauka, kowa yana kiran nasa. Baffa ya karkata kunne yana saurare. Ya ce, "Ban ji muryar nawa ba."

Kawu ya shiga ruwa har gwiwa, ya kama bakin kwale-kwalen, ya rusuna. Ya ce, "Yaya, shina Yelwa wurin Alhaji, ƙafarsa a kan ƙasa, lafiya lau. Na ara ban mayar ba, ka yafe mini. Gobe da sassafe ni zan ɗauko shi."

Baffa ya juyo da fuska wajen muryar. Ya ce, "Ka gan shi da idonka a tudu?"

"Da idona."

"To. Kun ci?"

"Mun bar musu."

Baffa ya ajiye filafili ya ce, "Ja ni gaɓa."

Muna nan tsaye ana jan jirage, sai iska ta juya. Hadarin nan da ya cika gabas ya karkata arewa, ya bi ta wajen Shanga ya watse. Ɗigo kaɗan ya sauka a kanmu, ko ƙura bai kashe ba. Ruwa ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Na ga Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama ya daɗe. Ina jin a nan ya san abin da zai biyo baya.

Ya biyo kuwa. Washegari ya tafi ya ɗauko yaron kamar yadda ya faɗa, suka dawo da Alhaji, labari ya riga su isowa. Kafin mako ya zagayo, yara suna bin sa da "Mai gudun hadari". Alhaji ya tara mutane ya ce ƙungiya tana bukatar mai ilimi, aka ba wani malami aikin Kawu. Iyayen nan da suka tsaya da filafili a hannu ba wanda ya tashi ya kare shi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ba mugunta ba ce. A wurinsu shiga nema ba abin faɗa ba ne, kamar a ce mutum ya yi alwala. Tunda hadari bai sauko ba, ba su ga an cece su daga komai ba. Kofi kuwa kowa ya ga an rasa shi. Ɗan baffana ya yi shekaru ba ya gaishe shi. Yana cewa akwai wanda ya zo daga babbar ƙungiya don ya gan shi ranar, Kawu ya ɓata masa. Ko akwai ko babu, ban sani ba, ban ga mutumin ba.

Kawu bai sake tsayawa a bakin layi ba. In ana wasa yakan tsaya can nesa gindin mangwaro, kamar mai wucewa. Amma ina lura da haɓarsa tana motsi, tana nuna wa wani yaro wurin da ya kamata ya tsaya, yaron da bai ma san ana yi ba. Bai taɓa kare kansa ba, ko sau ɗaya. In an tsokane shi sai ya ce, "Haka ne, bai sauko ba."

Bayan shekaru, ina gyara masa taru a ƙofar gida, na kasa haƙuri na ce, "Kawu, da ka san hadarin nan ba zai sauko ba, da ka bari mun gama?"

Ya ce, "Wa ya san hadari? Ni ban san shi ba, su ma masu dariya ba su san shi ba sai da ya wuce. Abin da na sani ɗaya ne. Na san ubanka."

To ga abin da nake so jikokinsa su riƙe, tunda kofi ba ya hannunmu balle in nuna musu. Ruwan nan ya ci mutane a shekarun farko, kowa a gaɓar nan ya san gidan da aka yi makoki babu gawa. Kakanninmu ma suna ƙarƙashinsa, ba mu da inda za mu tsaya mu yi musu addu'a sai mu fuskanci ruwa. Amma mazan da na gani cikin kwale-kwale ranar nan, na bi su ɗaya ɗaya a raina kafin in rubuta wannan, don kada in yi ƙari. Babana, da Baffa, da tsohon da ya riƙe masa baya, da sauran, kowannensu a kan shimfiɗarsa ya cika, 'ya'yansa na kansa. An yi musu wanka, an ɗauke su a kafaɗa, an sa su a busasshiyar ƙasa. Kaburburansu suna nan bayan gari, duk mai so ya je ya ƙirga. A gefensu muka haƙa na Kawu.

Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya karɓe shi hannu biyu yadda iyayenmu suka karɓe mu daga hannunsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya kiyaye harsunanmu a kan wanda ba ya nan balle ya amsa.